Zuwa Ɗauko Saniyar Inna Dije

Tun da na dawo daga ƙasar Benin, wadda tsofaffinmu har yanzu Dahome suke ce mata, ban sake samun zama cikin natsuwa a majalisarmu ta ƙofar shagon Malam Tanko tela a Sauka Kahuta ba. Duk wanda ya gan ni sai ya tambaya ko da gaske ne na ƙetare iyaka saboda saniya guda. Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, har na fara jin ana dawo mini da shi da ƙari. Wani ya ce ɗaure ni aka yi a can, wani ya ce neman aure na je. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni likitan dabbobi ne. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a bayan tashar Minna aka haife ni, amma aikina ya fitar da ni daji, daga ƙauyukan Paiko zuwa rugagen da ke gefen Zungeru, ina bisa babur da jaka ɗaure a baya. A nan na san Inna Dije, wata tsohuwar Bafillatana mai garke nata na kanta. Shekarar da cutar bushiya ta shigo, allurar rigakafi ba ta iso mu da wuri ba. Shanun Inna suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ido na zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, ga zawo. Ina tsaye tare da ita ranar da ta ƙarshe ta kwanta. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance igiyoyin maruƙa ta naɗe su, sannan ta kawo mini ruwa na wanke hannu.

Ɗanta Sale ya shigo Minna ya kama gadi a wani sito na hatsi, da abin da yake samu suke ci. Shi ya tare ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Fulani suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye: ka ba ɗan'uwa aron karsana, ta zauna a wurinsa ta yi ta haihuwa, 'ya'yan su zama nasa, daga baya ya dawo maka da uwar. Tun kafin bushiya Inna ta ba Buba, ɗan ƙanenta, aron wata karsana mai suna Wule, shi kuma ya yi ƙaura da ita yamma, har cikin Benin. A duk duniya Wule kaɗai ta rage daga garken Inna. Yanzu da aka sake buɗe iyaka bayan an daɗe da rufe ta, tsohuwa ta ce za ta je ta ɗauko abarta. Sale ba zai iya barin gadi ba. Ita kuma ta ce ni take so in raka ta, don saniya ba ta ƙetare iyaka sai da idon likita, kuma ni ne na tsaya da ita a waccan ranar.

Ina da hutun da ban ci ba. Maiɗakina Hajara ta yi ta dariya, ta ce masu hutu Kaduna suke zuwa su ga gari, ni kuwa zan bi saniya. Amma ita ce ta tashi ta yi mini dambun nama ta ƙulle a leda.

Jirgin ƙasa na shiga daga Minna, lokacin kaka, ciyawa ta yi tsawo. Inna tana jirana a tashar Zungeru da ƙwaryarta cikin raga da wata sabuwar igiya da ta tufka da hannunta. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Da ta hau, ba ta zauna ba sai da ta bi kujerun taragon ta gaishe da kowa, ta tambayi lafiyar gida da ta yara, kamar ta shiga gidan suna. Kusa da mu akwai wata malamar makaranta 'yar Kafanchan, Madam Rifkatu, da wani Bagware mai buhun doya wanda ya ƙi yarda a sa masa buhun a sama, ya rungume shi kamar ɗa. Hausarsa irin tamu ce ta Minna, ba ruwanta da mace da namiji. Da ya ji inda za mu, sai ya dubi Inna ya ce saniyan nan ya yi sa'a, shi ko matansa ya gudu ba zai bi shi har Dahome ba.

Bayan mun wuce wata ƙaramar tasha jirgin ya tsaya cak a tsakiyar daji. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda ya damu. Mutane suka sauka suka shimfiɗa zannuwa a inuwar taragai. Madam Rifkatu ta fito da dafaffiyar gyaɗa, na fito da dambu, Bagware ya hura wuta ya gasa mana doya biyu daga buhun da yake ta karewa. Can sai ga wani garke ya zo ƙetare layin dogo, farare tas, suna tafe a hankali cikin doguwar ciyawa, ba ka ganin ƙafafunsu, sai tozo da ƙaho suna shawagi kamar a kan ruwa. Inna ta miƙe tsaye. Na ga leɓenta na motsi, na ɗauka addu'a take yi. Da na matsa kusa sai na ji sunaye take kira, sunayen shanunta da suka mutu, tana ɗora kowane a kan wadda ta yi kama da ita. Ta gama, ta zauna, ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Ba mu isa Mokwa ba sai da rana ta faɗi, motar New Bussa ta riga ta tashi. Wata Banufiya mai sayar da abinci a bakin tasha ta sa Inna a ɗakinta, ni kuma ta ba ni benci a rumfa. Da safe a cikin mota na yi kuskuren amsawa da Inna ta kira ni Likita. Nan take fasinjoji suka juyo kaina. Wata ta miƙo mini jariri mai tari, wani ya ɗage riga ya nuna mini inda ke masa ciwo, wani dattijo ya buɗe baki ya kama yatsana ya kai kan haƙorinsa. Na yi ta rantsuwa ni na dabbobi ne. Dattijon ya ce ai haƙori haƙori ne. Sai da na duba masa, na ce ya je asibiti a cire, sannan ya sake ni, yana gunaguni cewa likitocin yanzu rowa gare su.

A motar muka haɗu da Malam Woru, wani masunci mai sanyin magana. Da muka hango ruwan Kainji, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, sai ya nuna wani wuri can tsakiya inda ba komai, ya ce gidan ubansa ke nan. Tsohon garinsu yana ƙarƙashin ruwan tun da aka yi dam. Ya ce ranar da ruwa ya kwanta yakan tuƙa kwalekwale ya je daidai saman unguwarsu ya ajiye filafili ya zauna, ya san inda masallaci yake, ya san inda itacen tsamiya yake, wani lokaci har yakan yi sallama. Inna ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta tambaye shi ko ana amsawa. Ya ce a'a, amma ba ya jin an ƙi shi.

A gidansa muka kwana. Gidajen sabon garin duk iri ɗaya aka gina su, ya ce a farkon zuwansu sau da yawa yakan shiga gidan maƙwabci ya zauna yana jiran abinci. Matarsa ta yi mana tuwo da miyar kifi, kifin ya fi tuwon yawa. Inna ba ta cin kifi. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ci gefen tuwon da miya ba ta taɓa ba, ta turo mini sauran a ɓoye. Daren nan na ci kifin mutum biyu.

Daga garin Wawa, gaba da New Bussa kaɗan, zuwa Babana, garin da ke bakin iyaka, ba zan kira abin da muka bi hanya ba. Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta ɗauke mu, muna tsallaka rafuka, muna sauka muna turawa. A wani rafi takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na zura hannu har gwiwar hannu ban same shi ba, na ƙarasa tafiyar da silifas ɗin direba, wanda ya fi ƙafata da kusan rabi. Abin da ya fi damuna ƙudan tsando ne. Suna bin motar suna cizonmu ta cikin riga. Su ke sa wa shanu ciwon sammore, mai tsotse dabba a hankali har ta zama ƙashi da fata. Na dubi yawansu, na dubi Inna da igiyarta a cinya.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu ba sosai. A ɓangarensu kuwa wani jandarma siriri, wato ɗan sandansu, ya sa na zazzage jakata a kan tebur. Ya wuce allurai da ma'aunin zafi, ya ɗaga ƙarfen da muke dandaƙe bijimai da shi, ya juya shi, ya buɗe, ya rufe, fuskarsa ta canza. Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci. Na gwada Turanci, ya girgiza kai. Da na rasa yadda zan yi sai na sa yatsu biyu a kaina na yi kukan sa, sannan na nuna masa da hannu inda ƙarfen ke kamawa. Wani Bahaushe mai fataucin goro da ke jiran layi ya fashe da dariya ya fassara masa. Jandarma ya ajiye ƙarfen a hankali, ya haɗe gwiwoyinsa. Daga nan muka zama abokai. Ya ja ni bayan ofis ya nuna mini ragonsa mai ɗingishi, na cire masa ƙaya a kofato na wanke. Ya buga mana hatimi, ya kira ni kamarad, ya kira Inna kamarad. A can kowa kamarad ne, daga mai gari har mai tallan ruwa. Inna ta tambaye ni ma'anarsa, na ce kamar aboki. Ta ce yaron ba shi da kunya, amma yana da kirki.

Mun isa Kalale, garin da Buba yake zaune a yankinsa, da azahar, muka tarar da garin kamar an share shi. Ofisoshi a rufe, shaguna a rufe, har karnuka sun miƙe ƙafa a inuwa. Na tsorata, na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe haka suke kullum, da rana ta take kowa sai ya je ya kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Na tuna kasuwar Minna a daidai wannan lokaci, da hayaniyarta, na rasa wa ya fi wani wayo. Muka zauna a barandar ofishin dabbobi, iska na kaɗawa, ni ma barcin ya ɗauke ni. Da na farka na daɗe ban san a wace ƙasa nake ba.

Ƙarar ƙaramin babur ce ta tashe ni. Wata mace ce a kai, da ɗankwali da jaka irin tawa. Ita ce likitar dabbobin yankin, Madam Bake. Ba mu da harshe ɗaya ni da ita, sai 'yar Fulatancin da kowannenmu ya tsinta a ruga, da sunayen cututtuka na littafi, waɗanda ashe iri ɗaya aka koya mana. Da su muka yi hira. In ambaci cuta, ta ɗaga hannu sama ko ta saukar, in gane yawanta a wurinsu. Da na ambaci sammore sai ta ɗaga hannu har sama da kanta. Ta san Buba, ta ce gobe za ta kai mu.

A zango muka sauka, gidan mai unguwa. Mutanen unguwar Hausawa ne da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna, Hausarsu ta tsufa a bakinsu ta gauraya da wasu harsuna, suna ce mini in ƙara magana don su ji irin ta gida. Mutanen ƙasar kuwa in za su gaisa sai duka biyun su durƙusa, su yi ta amsa wa juna da wani ɗan sauti a maƙogwaro, ba mai gaggawar tashi. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya, da gahawa a kwano maimakon kofin shayi. Aka kuma kawo wagashi, wato cuku na nonon shanu da suke rinawa ja su soya. Inna ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta ce nonon kirki ne, amma ba ta ga laifin da ya yi aka shafa masa jan launi ba.

Madam Bake ta ɗauki Inna a bayan babur, ni na bi su a keken aro. Rugar Buba tana bayan gonakin auduga, bukkoki kaɗan ne. Buba ya fito, mutum ne dogo mai ƙarancin magana, ya durƙusa nesa da gwaggonsa, kansa a ƙasa. Suka yi ta gaisuwa ba mai kallon wani. Aka tambayi mutanen Zungeru ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu. Aka kawo nono. Ba wanda ya ambaci saniya. Ni da na taso tun daga Minna saboda ita, zaman ya ishe ni, amma na lura ko Inna ba ta waiwayi wajen garke ba.

Da yamma shanu suka dawo. Ba su da yawa, shi ma Buba bushiya ta taɓa shi. Suka shigo cikin hasken la'asar sakaliya, yara na kiran maruƙa, hayaƙin da aka hura don korar ƙuda yana kwance a kansu. Can bayan kowa, da tazara, sai ga wata tsohuwar saniya mai farin goshi tana tafe tana hutawa. Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ba ta tashi ba, ba ta kira ta ba. Saniyar ta zo ta wuce turkenta, ta tsaya a gaban tabarmar, ta sunkuyar da kai tana shinshinar ƙafafun tsohuwa. Ni dai ban san ko ta gane ta ba ne, ko gishirin da ke ƙulle a bakin zanen Inna ta ji. Aikina bai koya mini wannan ba. Inna ta sa hannu tana sosa mata bayan kunne, har duhu ya fara shiga suna a haka.

Da sassafe na duba Wule, Madam Bake na riƙe mini kai. Na ɗaga fatar ido, fari fat. Na taɓa kaluluwar gaban kafaɗa, ta kumbura. Haƙora sun cinye, gashi ya tashi, ana ƙirga haƙarƙari daga nesa. Sammore ne, ya daɗe a jikinta, ga tsufa. Muka dubi juna ni da Madam Bake, ba mu buƙaci harshe ba. Na yi mata allura, na wanke hannu, na daɗe ina wankewa, don na san abin da ke jirana.

Inna tana zaune a gindin wata kaɗanya da igiyarta. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi mata allura, za ta ji sauƙi. Amma ba za ta kai Babana da ƙafarta ba. In kuma aka sa ta a mota, a mota za ta mutu."

"Ko a hankali?"

"Ko a hankali, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta tambaye ni ko za ta sake haihuwa, na ce ban sa rai ba. Ta ce to, ta gode, na faɗa mata gaskiya. Ta ɗauki igiyar ta mayar cikin raga. Bisa al'ada duk 'ya'yan da Wule ta haifa na Buba ne, Inna ba ta da hakki a kan ko ɗaya, kuma na san ko za ta mutu ba za ta roƙa ba. Na koma gefe na zauna. Ban taɓa jin nauyin jakata kamar ranar ba.

Buba ya kora shanunsa ya tafi kiwo, ya dawo, aka ci tuwo, aka kwana. Washegari ma haka. Na fara shirin komawa. A safiya ta uku, kafin a saki shanu, sai ya shiga garke ya fito da wata karsana ja mai farin goshi, 'yar Wule ta ƙarshe, wadda ta fi kowace dabba kyau a rugar. Na riga na duba ta tun jiya, lafiyarta ƙalau, kuma da ƙaramin ciki. Ya zo ya durƙusa nesa da Inna kamar ranar farko, yana kallon ƙasa.

"Gwaggo, ba kyauta ba ce. Aro ne, kamar yadda kika ba ni. In ta haifa miki, kya dawo mini da ita."

Matarsa tana tsaye a bakin bukka da ƙwaryar tatsa, na ga ta kau da kai, don karsanar nan ita ce nonon 'ya'yanta na baɗi. Amma ita ce ta zo ta karɓi igiya daga hannun Inna ta ɗaura wa karsanar a ƙaho. Abin da Inna ta iya cewa kawai, Allah ya yi wa garkensa albarka.

Na ɗauka shi ke nan, sai mu kama hanya. Sai Inna ta ce ita ba za ta ba. Wule ta yi mata zaman aro shekara da shekaru a ƙasar mutane, ba za ta bar ta ta ƙarasa ita kaɗai ba. Za ta zauna ta riƙa yanko mata ciyawa mai laushi har abin da Allah ya yi. Ni in kai wa Sale karsanar. Na yi ƙoƙarin in canza mata ra'ayi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in gaishe da Hajara.

Madam Bake ta rubuta mini takardar lafiyar dabba, na bar mata sauran maganin sammore da ke jakata saboda Wule. Buba ya haɗa ni da wasu makiyaya da za su kai shanu kasuwar Babana. Na yi wa dubban shanu allura a rayuwata, amma ban taɓa jan ɗaya a igiya zuwa wani gari ba. Ba mu yi nisa ba karsanar ta gane an raba ta da gida, ta juya da gudu, ta ja ni cikin gonar auduga a kan cikina, silifas ɗin direba ɗaya ya tafi. Na tashi fari fat da auduga. Makiyayan suka taimake ni suka kamo ta, suka sa ta tsakiyar shanunsu, ɗaya ya ba ni takalmin roba.

Sauran tafiyar kamar a mafarki na yi ta. Muna tashi da asuba, raɓa na jiƙa mu har ƙugu, ba mai magana, sai ƙarar kofato da numfashin shanu. In rana ta yi zafi mu kwanta a inuwa, su yi tuƙa, mu yi barci. Na daina duba agogo. Wani lokaci sai in ji kamar tun da aka haife ni a bayan shanun nan nake tafiya, Minna da ofis da babur labari ne aka taɓa ba ni. A hankali karsanar ta fara barin tsakiyar garke tana dawowa gefena, in na tsaya ta tsaya.

A iyaka jandarma ya gan ni da ƙafafu a kumbure da saniya a hannu, ya tambayi ina tsohuwar kamarad. Na nuna masa yamma. Ya buga hatimi bai ƙara tambaya ba. Daga Babana na sami motar shanu zuwa Mokwa, na hau saman katako tare da masu rakiyar dabbobi, ina leƙa karsanar ta tsakanin ƙafafuna, a kowane zango in sauka in ba ta ruwa in duba idonta saboda tsando. Daga Mokwa wata motar ta kawo mu ta Bida. Karsanar tana ramewa ina ramewa, amma ba ta kwanta ba ko sau ɗaya.

Da hantsi muka shigo Minna. Na sauke ta a bakin titi na ja ta har sito, yara na bin mu. Sale yana zaune a kan benci da kakin gadi da kulki a cinya. Da ya hango mu ya miƙe, kulkin ya faɗi bai ɗauka ba. Ya dubi bayana yana neman uwarsa. Na ba shi labari a tsaye, tun daga ciwon Wule har maganar Buba. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya zagaya karsanar, ya shafa farin goshin, ya ɗora tafin hannu a cikinta ya daɗe, sannan ya kifa fuskarsa a wuyanta. Na juya ina kallon masu sauke buhuna har ya ɗago.

Ya shiga ciki ya yi magana da mai sito, ya ajiye gadi, ya fito ba kaki, da tsohuwar rigarsa da sanda. Na ce ya dakata, akwai wani direba da na sani mai zuwa Zungeru da yamma, zai ɗauke su. Ya karɓi igiyar daga hannuna ya naɗa a nasa.

"A'a, Likita. Ba ta san ni ba tukuna. Bari mu taka."

Na tsaya a bakin titi da takalmin roba na aro, ina kallonsu suna ratsa tsakanin motoci da masu babur, shi a gaba yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita tana waiwayena. A kwanar farko ta ƙara waiwayowa sau ɗaya, daga nan ta bi shi.